Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya A Ɗakin Binciken Sinadarai

Mai girma Kwamishina, shugabannin jami'a, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Tun da ka tako da ƙafarka, bari mu gaya maka abin da ke cikin kwalaben da ke gabanka: haɗin ƙarfe ne da sinadarin tsiro, da muke gwadawa a kan ciwon daji.

A 1965 ne Barnett Rosenberg, a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ya lura cewa wani haɗin ƙarfen filatinom yana hana ƙwayoyin cuta rabuwa. Daga nan aka samu cisplatin, wanda aka amince da shi a 1978. Yana maƙalewa a jikin DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayar daji ya hana ta hayayyafa, kuma da shi ake warkar da mafi yawan masu dajin maraina. Amma yana cin ƙoda, yana taɓa ji, ga amai mai tsanani, wani dajin kuma ya saba da shi. Shi ya sa ake neman wasu ƙarafan da wasu abokan haɗin, har cikin tsirrai irin su gangamau, lalle da ɓawon albasa.

Ɗauki kurkumin, sinadarin da ke ba gangamau launin rawaya. Da kyar yake narkewa a ruwa, kuma a ruwa mai yanayin jini mafi yawansa kan lalace cikin rabin awa. Amma yana da hannaye biyu na iskar oksijin da ke kama ƙarfe kamar awartaki, kuma idan ya kama, ya fi jurewa. Ana narkar da giram 0.74 na kurkumin a cikin metanol, a zuba giram 0.20 na gishirin jan ƙarfe na asitet, wato, a ƙidayar ƙwayoyin sinadari, kurkumin biyu ga jan ƙarfe ɗaya. A dafa a wajen digiri 60 na awa biyu zuwa uku, a rufe kwalbar daga haske. Rawayar za ta koma ƙasa-ƙasa mai duhu, gari ya kwanta. A tace, a wanke da metanol mai sanyi, a busar.

Canjin launi ba hujja ba ce. Kurkumin na kasuwa haɗin 'yan uwa uku ne; wanda bai tsarkake shi ba, abu uku ya dafa yana zaton ɗaya ne. Sai na'urar infared da na'urar auna nauyin sinadari sun tabbatar ƙarfen ya kama inda ake so.

Sannan gwaji. Ana shuka ƙwayoyin dajin nono, MCF-7, a faranti mai rami 96, a zuba haɗin, a jira awa 48, a auna waɗanda suka rayu. Dole a gwada jan ƙarfen shi kaɗai, kurkumin shi kaɗai, da ƙwayoyi masu lafiya. Abin da ya kashe mai lafiya da mai daji daidai wa daida guba ne kawai. Ruwan DMSO da ake narkar da haɗin kada ya wuce rabin kashi cikin ɗari, in ba haka ba shi ne zai yi kisan.

Ranka ya daɗe, ba mu ce an samu magani ba, kuma kada wani ya ji wannan ya bar asibiti ya koma shan gangamau. Haɗin ƙarfen rutiniyom mai suna NAMI-A ya kai har gwaji a jikin mutane, amma bai zama magani ba.

Kukanmu biyu ne. Ƙwayoyin nan sai a digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin ɗari suke rayuwa. Wuta ta ɗauke dare guda, aikin wata ya tafi. Muna roƙon sola da batura ga na'urar renonsu, da kuma izinin haɗa kai da likitocin daji na asibitocin da ke ƙarƙashin ma'aikatarka.

Allah Ya ja zamaninka. Bismillah, ga farar riga da safar hannu, mu shiga ciki.