Lacca: Amfani da lantarki wajen wargaza ragowar maganin antibayotik a ruwan datti

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai da sauran jama'ar Katsina da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa.

Duk kafson antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mutum ya saya a kemis ya sha, ba dukkansa jiki ke sarrafawa ba. Wani kaso mai yawa yana fita ta fitsari da bayan gida da ƙarfinsa, ya bi kwata daga asibiti ko gidan kaji, ya sauka a kududdufi ko ya tsuma cikin ƙasa. A can ƙwayoyin cuta ke zama da ɗan maganin da bai isa ya kashe su ba, har su koyi bijire masa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a shekarar 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna gwargwadon yawan jama'arsa.

Matatun ruwan datti da aka saba da su sun dogara ne da ƙwayoyin halitta masu cinye ƙazanta, to ina za su iya da maganin da aka yi shi domin kashe irinsu? Wannan ne ya sa masana suka koma ga lantarki. Ana tsoma farantai biyu a ruwan, a saki wuta. A fuskar farantin da ake kira anod, ƙwayar ruwa tana tsagewa ta haifar da haidiroksil, wani sinadari mai tsananin ƙuna wanda ba ya kai ƙiftawar ido a raye, amma yakan farfasa ƙwayar magani har ta koma iskar kabon da ruwa da gishiri.

Sirrin aikin yana kan fuskar farantin. Idan farantin gama-gari ne, wutar za ta ƙare wajen fitar da iskar oksijin, maganin kuwa yana nan. Saboda haka ake yi wa ƙarfen taitaniyom shafe da sinadarin kuza da aka cakuɗa da wani sinadari mai suna antimoni, wanda yake da araha amma ba ya daɗewa yake lalacewa. Akwai na sinadarin dalma, mai ƙarfi da sauƙin kuɗi, sai dai ni ba zan ba da shawararsa ba, domin duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba zai so a kusantar da ita ga ruwa ba. Wanda ya fi duka shi ne siririn shafen daimon da aka sirka da sinadarin boron, wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji daga iskar gas ta methane, illa dai tsadarsa. Ɗaya farantin ma, wato katod, idan na kabon ne yakan samar da sinadarin haidirojin feroksaid, wanda haɗuwarsa da sinadarin ƙarfe da ya narke a cikin ruwan ke ƙara yawan haidiroksil, muddin tsamin ruwan yana wajen lamba 3 a ma'aunin tsami na pH.

A ganina, ba ruwan gari gaba ɗaya za a tara ba. Wurin da ya dace shi ne bakin magudanar asibiti, inda ruwan ba shi da yawa kuma maganin bai tsarwake ba, a haɗa ƙaramar na'ura da farantan sola, tunda rana ba ta yi mana rowa a Katsina.

Sai dai ɗalibanmu su yi hattara. Idan akwai gishiri a ruwan, farantin daimon yana iya juya shi zuwa kiloret da fakiloret, waɗanda su ma guba ne. Haka kuma, ɓacewar magani daga ma'auni ba ta nufin ruwan ya tsarkaka, domin gutsattsarinsa na iya zama da illa, don haka dole a auna jimillar kabon da ya rage. Yawancin gwaje-gwajen da ake wallafawa an yi su ne da tsaftataccen ruwan da aka zuba wa magani, alhali ruwan asibiti yana ɗauke da sabulu da jini da fitsari, kuma kowannensu yana cinye rabonsa na haidiroksil kafin a kai ga maganin.