Kakar 2016: Yadda Chicago Cubs Ta Kawo Ƙarshen Jiran Shekara 108

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Chicago na ƙasar Amurka, mu waiwayi kakar wasan besbol ta shekarar 2016, kakar da ƙungiyar Chicago Cubs ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1908.

Da yake wasa ne da yawancinmu ba mu saba da shi ba, bari in ɗan share fage. Ƙungiyoyi biyu ne, ɗaya tana jifa, ɗaya tana bugu. Mai jifa zai wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa, mai bugu ya tare ta da kulki. In ya same ta sai ya zuba da gudu, ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya taso, maki ɗaya ke nan. In kuwa ya ɗaga ta ta tsallake katangar fili, to shi da duk abokansa da ke kan tashoshi za su shigo gida ba mai tare su. Da an fitar da masu bugu uku sai a yi musaya, haka har zango 9. Ba agogo ne ke ƙare wasa ba. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, a 2016 daga Afrilu zuwa farkon Oktoba, kusan kullum ana fili, sannan gwanaye su kara da juna har a kai ga karon ƙarshe da ake kira World Series, inda wanda ya riga cin wasa 4 cikin 7 shi ne zakara.

To, a 1908 da Cubs ta ci wannan kofi, ko gidan rediyo babu a Amurka, balle wani ya ji sharhin wasan a akwati irin yadda kuke ji na yanzu. Yara suka girma suna jira, suka haifi nasu, suka tsufa, suka mutu ba su gani ba. Tun daga 1945 ma ƙungiyar ba ta ƙara leƙa World Series ba. A waccan shekara ce aka hana wani mai gidan shaye-shaye, William Sianis, zama da bunsurunsa a Wrigley, filin Cubs na gida, aka ce ya yi wa ƙungiyar baki. Shekara 71 mutanen Chicago suna ɗora wa wannan bunsuru laifin duk wani tuntuɓe. A 2003 kuma, saura ƙiris su kai wasan ƙarshe, wani ɗan kallo ya miƙa hannu ga ƙwallon da ɗan wasan Cubs ke ƙoƙarin cafewa, daga nan Florida Marlins ta zuba musu maki 8 a zango guda. Gari ya taso wa bawan Allahn nan har sai da jami'an tsaro suka fitar da shi daga fili. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin 'yan wasa ne suka zubar da wasan, ba shi ba.

Ni dai ban yarda da zancen bunsuru ba. Abin da ya hana Cubs kofi shi ne rashin tsari, abin da ya kawo mata shi kuma aiki ne na shekara biyar, wanda aka fara shi da ɗaci. Iyalan Ricketts sun sayi ƙungiyar a 2009, a ƙarshen 2011 suka ɗauko Theo Epstein ya shugabanci harkar wasanta, mutumin da ya jagoranci Boston Red Sox ta ci kofi a 2004 bayan shekara 86. Epstein bai ɓoye wa magoya baya ba, ya ce rushewa za a yi a sake gini daga tushe. A 2012 aka doke Cubs sau 101. A 2013 sau 96. Ana cikin wannan shan kashi yana ta musayar tsofaffin 'yan wasa da matasa. Ya karɓo Anthony Rizzo daga San Diego, ya karɓo Kyle Hendricks daga Texas lokacin ba wanda ya san sunansa, ya karɓo Jake Arrieta daga Baltimore bayan can sun fid da rai da shi, ya kuma zaɓo Kris Bryant daga jami'a a 2013. Sai da yaran suka nuna sannan ya buɗe bakin jaka, ya kawo koci Joe Maddon, ya ba Jon Lester kwantiragin dala miliyan 155. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2015 suka ci wasa 97, New York Mets ta fitar da su da ci 4 babu ko ɗaya, amma kowa ya ga hadarin da ke haɗuwa.

Kakar 2016 ta buɗe musu da rashin sa'a. A makon farko, a Arizona, matashi Kyle Schwarber ya yi karo da abokin wasansa Dexter Fowler suna bin ƙwallo ɗaya, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke, aka ce shi da fili sai baɗi. Duk da haka cikin wasa 31 na farko Cubs ta ci 25. Ranar 21 ga Afrilu, Arrieta ya yi jifa tun daga farko har ƙarshe a Cincinnati ba tare da ko mutum ɗaya ya samu bugu mai kyau a kansa ba, aka tashi 16 da nema. Sun yi sanyi gab da hutun tsakiyar kaka, har masu tsoron bunsuru suka fara ƙus-ƙus, sai ga Agusta sun ci 22 cikin 28. Suka gama da nasara 103, an doke su sau 58, ɗaya ya tashi kunnen doki, babu ƙungiyar da ta kamo ƙafarsu a duk faɗin gasar.

In ana labarin wannan kaka, sunan Bryant ake fara kira, kuma ya cancanta: sau 39 yana tsallakar da ƙwallo katanga, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan rukunin National League yana ɗan shekara 24. Rizzo ya yi 32. Amma in kun tambaye ni inda ƙarfin ƙungiyar nan yake, sai in nuna muku wurin da 'yan kallo ba su cika tafa wa ba, wato jifa da tsaron fili. Maki 808 suka ci, 556 kacal aka ci su. Ƙwallon da a wata ƙungiya za ta faɗi ƙasa ta zama matsala, a nan sai ka ga Addison Russell ko Javier Báez ya yi sufa ya cafke ta, ko Jason Heyward ya bi ta har jikin katanga. Wannan tsaro ne ya ɗaga masu jifa. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: Hendricks, wanda jifarsa ba ta da gudun a zo a gani, sai dabara da saiti, shi ya zama wanda aka fi kasa ci wa maki a duk manyan masu jifa na shekarar.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. A ƙarshen Yuli suka karɓo Aroldis Chapman daga New York Yankees, ɗan asalin Kuba, mai rufe wasa da jifa mai gudun fiye da kilomita 160 a awa. Sai dai a farkon wannan kaka an dakatar da shi wasa 30 kan zargin cin zarafin budurwarsa. Magoya baya da dama, musamman mata, ba su ji daɗin zuwansa ba, kuma ina ganin suna da hujja. Kofin da aka ci bai goge wannan tambaya ba.

A wasannin fitar da gwani suka kawar da San Francisco Giants, suka bi da Los Angeles Dodgers, inda Hendricks ya rinjayi shahararren Clayton Kershaw da ci 5 da nema a Wrigley ranar 22 ga Oktoba. Sai World Series da Cleveland, ita ma rabonta da kofi tun 1948. Nan Schwarber ya ba kowa mamaki, ya dawo wata shida da yi masa aiki, likitoci suka yarje masa bugu kawai banda tsaron fili, kuma ya yi ta samun ƙwallo kamar bai taɓa jinya ba. Amma Cleveland ta ci 3 cikin wasa 4 na farko. Saura ɗaya a naɗe tabarma. Cubs ta tsira a wasa na biyar da 3 da 2, ta ci na shida da 9 da 3.

Daren 2 ga Nuwamba, a Cleveland, wasa na bakwai. Fowler ne ya fara bugu, ya tsallakar da ƙwallo katanga tun kafin wasu su zauna. Cubs ta kai 5 da 1. A nan Maddon ya fara rawar hannu. Ya cire Hendricks a zango na biyar alhali yaron yana riƙe da wasan, nan take Cleveland ta rama 2. David Ross, ɗan shekara 39 da ke buga wasansa na ƙarshe a rayuwa, ya mayar da ɗaya, aka koma 6 da 3. A zango na takwas aka kira Chapman, wanda Maddon ya riga ya tatse a wasa na biyar, ya kuma sake sa shi a na shida ba gaira ba dalili, ana gaba da maki biyar. Hannu ya gaji. Aka ci shi ɗaya, sannan Rajai Davis, wanda ba a san shi da irin wannan bugu ba, ya riƙe kulkinsa can sama, ya daki ƙwallo ta wuce katangar hagu. Shida da shida. Filin ya ɗauki ihu, 'yan Chicago da suka biyo ƙungiyarsu suka dafe kai. Da an rasa kofin nan, wallahi a wuyan koci yake, ba a wuyan wata dabba ba.

Zango na tara ya ƙare ba wanda ya ci, sai ga ruwan sama. Aka ja tamfol aka rufe fili na minti 17. Cikin wannan ɗan lokaci Heyward ya tara abokansa a ɗakin motsa jiki. Ku tuna, wannan mutum an ba shi kwantiragin dala miliyan 184, kuma kakar ta zo masa da muni wajen bugu, duk shekara ana yi masa gori. Shi ne ya tashi ya tuna musu cewa su ne ƙungiyar da ta fi kowa tun Afrilu, su manta da abin da ya wuce su koma su gama aikinsu. Chapman na gefe yana hawaye.

Da aka yaye tamfol aka shiga ƙarin zango na goma, Schwarber ya buɗe da bugu mai kyau, Albert Almora ya karɓe shi wajen gudu. Cleveland ta ƙi yarda Rizzo ya buga, ta ba shi tasha kyauta, ta zaɓi fuskantar Ben Zobrist. Zobrist ya sulala ƙwallo ta gefen hagu, maki ya shigo. Miguel Montero ya ƙara ɗaya. Cleveland ba ta sallama ba, Davis ɗin nan ya sake rage tazara zuwa 8 da 7. Saura mutum ɗaya a fitar. Mike Montgomery ya yi jifa, ƙwallo ta gangaro a hankali wajen Bryant, ya tsince ta yana murmushi tun kafin ya wurga, ƙafarsa na zamewa a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Rizzo ya cafe a tasha ta farko kafin mai bugu ya iso, wasa ya ƙare ke nan, ya soka ƙwallon a aljihun baya, ya ɗaga hannu biyu sama. A agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe shida saura kwata ne na safiyar 3 ga Nuwamba.

Wannan ƙungiya ba ta sake cin kofi ba. Dodgers ta fitar da ita a 2017, Maddon ya tafi bayan kakar 2019, Epstein ya bi shi a 2020, a Yulin 2021 kuma cikin kwana biyu aka rabu da Rizzo da Bryant da Báez. A kwanakin nasarar kuwa, dubban mutane sun yi ta zuwa filin Wrigley da alli a hannu, suna rubuta sunaye a jikin bangon bulo na waje: sunan uba, sunan kaka, sunan maƙwabcin da ya fara kai su kallo suna yara. Da wuri ya ƙare a ƙasa, sai suka riƙa hawa kafaɗun juna, wasu suka zo da tsani daga gida.