Darasin girki: yadda ake haɗa hagis, abincin mutanen Sikotland

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau tukunyarmu ta leƙa Sikotland da ke arewacin Birtaniya. Hajiya, ga wanda bai taɓa jin sunan hagis ba, wane irin abinci ne?

Malamar girki: Malam, kayan cikin tunkiya ne: zuciya da hanta da huhu. Ana dafa su, a niƙa, a haɗa da albasa da kitse da ɓarzajjen hatsin ot, a ɗura a cikin tumbin dabbar, a ɗinke, a sake dafawa. Asalinsa abincin tattali ne, don kada komai na dabbar ya tafi a banza.

Mai gabatarwa: To, daga ina ake farawa?

Malamar girki: Daga tumbi, kuma tun jajibiri. A juya cikinsa waje, a kankare, a wanke sosai, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri mai sanyi ya kwana. Wanda ya yi gaggawa a nan, ƙarni zai bi abincin har faranti. Washegari a sa zuciya da hanta da huhu a babbar tukunya, ruwa ya rufe su. Idan maƙogwaro na manne da huhun, kada a yanke shi. A bar bakinsa ya rataya a wajen tukunya, a tara masa kwano, domin ta nan kumfa da dattin huhun za su fita. A dafa kamar awa 2 a wuta marar ƙarfi, kuma kada a zubar da romon.

Mai gabatarwa: Hatsin fa, Hajiya? Ko wanda ake dama wa yara a gwangwani zai yi?

Malamar girki: A'a, wancan an murƙushe shi ya yi fale-fale, da ya sha ruwa sai ya koma kunu. Wanda ake so shi ne ɓarzajje mai tsaki-tsaki. A kayan cikin tunkiya ɗaya, a auna kamar giram 250, a gasa shi a busasshen kasko har ya ɗan yi ja ya fara ƙamshi. Wannan gashin shi ke ba hagis ɗanɗanonsa, kuma shi ke hana shi caɓewa. Sai kitsen da ke kewaye da ƙoda, shi ma kamar giram 250, a yanka ƙanana. Albasa manya 2, gishiri, masoro mai yawa, da ɗan gyaɗar ƙamshi. A niƙa naman sama-sama, kada ya yi laushi kamar tuwo. A zuba romo kaɗan-kaɗan, kusan rabin lita, har haɗin ya jiƙe amma idan an dunƙula a hannu ba ya tsiyaya.

Yanzu ga inda yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Kada a cika tumbin. Rabi da ɗan ɗori ya isa, saboda hatsin zai kumbura. A matse iska ta fita, a ɗinke da zare mai ƙarfi, a sa a ruwan zafi. Da ya fara kumbura, a huda shi da allura wuri biyu ko uku. Sai a rage wuta, ruwan ya riƙa motsi a hankali na awa 3. Idan aka bar shi ya tafasa da ƙarfi, tumbin zai fashe, a wayi gari da fate a tukunya. Idan kuma romo ya yi kaɗan tun farko, zai fito a bushe yana watsewa kamar dambu marar mai.

Mai gabatarwa: Ana cewa abincin biki ne.

Malamar girki: Akwai bikinsa, ranar 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙi Robert Burns wanda aka haifa a 1759, shi ne ya yi wa hagis waƙar yabo. A daren ana shigo da shi da busar algaitarsu, a karanta waƙar, a farke shi da wuƙa, a ci da dakakken dankalin turawa da wata saiwa mai ruwan ɗorawa da suke kira nips. Amma duk shekara ana cin sa. Ana soya yankansa a karin kumallo, a cusa cikin burodi. Shagunan soya kifi da dankali na tsoma shi cikin kwaɓin fulawa su soya. Ana kuma cusa shi cikin ƙirjin kaza. Tun 1971 Amurka ta hana sa huhu a abincin sayarwa, shi ya sa na asali ba ya shiga can.

Mai gabatarwa: Wanda ke zaune a biranen Sikotland kamar Gilasgo ko Edinbura ya saya a kanti fa?

Malamar girki: Ya karanta takardar jikinsa da kyau, domin wasu kamfanoni na sa naman alade ko kitsensa. Akwai kuma na ganyayyaki, da wake da gyaɗa a madadin nama. Na kanti dafaffe ne, ɗumamawa kawai yake so: a naɗe shi da takardar alminiyam, a sa a ruwan zafi marar tafasa kamar minti 45 ga mai rabin kilo, a tabbatar tsakiyarsa ta yi zafi zau kafin a farke.