Carl Kasell, mai karanta labaran da muryarsa ta zama tukwici

Masu kallo, ranar 17 ga Afrilun 2018 Carl Kasell ya rasu a jihar Maryland ta Amurka, yana da shekara 84, bayan fama da cutar mantuwa ta Alzheimer. Wataƙila ba ku san sunan ba. To amma a Amurka, a zamaninsa miliyoyin mutane da muryarsa suke tashi daga barci.

An haife shi a 1934 a Goldsboro, jihar North Carolina, kuma tun yana ɗan makarantar sakandare ya fara magana a gidan rediyon garinsu. A 1975 ya shiga NPR, rediyon jama'a na Amurka, wanda tashoshinsa suka dogara sosai da gudummawar masu sauraro. Da aka buɗe shirin safe na Morning Edition a 1979, shi aka ba karanta labarai. Shekara 30 cur yana wannan aiki, yana tashi da misalin ƙarfe ɗaya na dare don ya riga gari farkawa. Muryarsa a natse take, ba ta rawa, ko labarin ya yi daɗi ko ya yi muni.

Abin mamakin ya zo ne a 1998. NPR ta ƙirƙiro shirin kacici-kacici na barkwanci a kan labaran mako, Wait Wait... Don't Tell Me!, aka ɗauko dattijon nan mai kamun kai aka ce shi ne alƙali mai ƙidaya maki. Ashe akwai shaƙiyanci a cikinsa! Yakan kwaikwayi 'yan siyasa da taurarin mawaƙa da muryar nan tasa ta labarai, ko murmushi babu, dariyar kuwa daga nan take fitowa.

Shirin ba shi da kuɗin sayen kyauta. Sai aka ce duk wanda ya ci gasa, Kasell zai naɗa masa saƙon da wayarsa ke amsa wa mai kira idan ba ya nan. Wai kafin a samu kyautar kirki. Masu sauraro suka ce atafau wannan suke so. Ka kira abokinka, ka ji mutumin da ke karanta maka labaran duniya yana cewa maigidan ya fita, a bar saƙo. A ganina, da ba a yarda da shi a bakin labarai ba, da wasan bai yi armashi haka ba.

Ya bar karanta labarai a ƙarshen 2009, ya sauka daga alƙalancin shirin a 2014, ɗan jarida Bill Kurtis ya gaje shi. Duk da haka ya ci gaba da naɗa wa waɗanda suka ci gasa saƙonninsu na wani lokaci.