Rookery Nook: Wasan Dandali a Gaban Kyamara

Ku hasko wani falo a ranku: matakalar bene, kujeru, ƙofofi ta ko'ina. Kusan duk fim ɗin a nan zai ƙare. Sunansa Rookery Nook, ya fito a Ingila a 1930.

Wani ango ne, Gerald, ya riga amaryarsa isa gidan da suka kama haya a ƙauye. Da dare sai ga wata budurwa ta faɗo masa cikin kayan barci, mijin uwarta ya koro ta. Ya ba ta wurin kwana. Yayar matarsa kuwa a garin take, mace mai sa ido, bakinta ba ya shiru. Sai aka shiga ɓoye-ɓoye. A tura yarinya wancan ɗaki, a shirga ƙarya, ƙaryar ta haifi wata. Ga mijin yayar, bawan Allah mai sanƙo, mijin-ta-ce, ana janyo shi cikin rigimar yana kyarma.

Ben Travers ne ya rubuta wasan. Tun 1926 ake yin sa a gidan wasan Aldwych da ke Landan, har sau 409. Da fim mai magana ya shigo, furodusa Herbert Wilcox bai wahalar da kansa ba. Ya kwashi manyan 'yan wasan, su Tom Walls da Ralph Lynn da Robertson Hare, ya kai su situdiyon Elstree. Walls ne ma ya ba da umarni. Kowa ya haddace maganarsa, kowa ya san inda jama'a ke fashewa da dariya. Sauƙin kuɗin ke nan.

Akwai kuma dokar 1927, wadda ta tilasta wa gidajen sinima nuna finafinan gida, daga kashi 5 cikin ɗari har zuwa kashi 20 a 1936, don rage mamayar Amurka. Ita ta sa kamfanoni rububin wasannin dandali, mafi yawa aikin gaggawa ne wanda ba ya kalluwa.

Shi ma wannan, maganar gaskiya, kyamarar kamar an dasa ta, da ƙyar take motsi. Amma mutumin da bai taɓa taka Landan ba ya samu ya ji muryar Ralph Lynn, ya ga gilashinsa na ido ɗaya. Jama'a suka cika sinima, kuɗi suka shigo, Walls kuwa ya ci gaba da ɗauko sauran wasannin Aldwych: Thark a 1932, A Cuckoo in the Nest a 1933.