Idan Na'urorin RFID Suka Yi Yawa a Sito Guda

Assalamu alaikum, ɗalibai da sauran mahalarta. Kun san cewa irin tambarin RFID da ake mannawa a jikin kwali, wato tambarin da ake gane kaya da shi ta igiyar rediyo, ba shi da batir. Na'urar karantawa ce ke aika masa igiyar rediyo, ya ɗan sami ƙarfi daga gare ta, sannan ya mayar da amsa a kan wannan igiyar. Amsar nan raɗa ce kawai. Ku riƙe wannan da kyau.

A 2003 kamfanin Walmart na Amurka ya umurci manyan masu kawo masa kaya 100 su soma manna tambarin kafin Janairun 2005. Ku dubi sito mai ƙofofin lodi a jere, kowace ƙofa da na'urarta. Tana kasa kunne ta ji raɗar tambari, sai ta maƙwabta ta buɗe murya a zango ɗaya, wato a kan tashar rediyo guda da ita. Kamar kana sauraron mai yi maka raɗa ne, wani ya kunna lasifika a bayanka. Kaya su wuce ba a ƙirga su ba.

Wannan matsala ta farko mai sauƙi ce, ana raba wa na'urorin zango. A Amurka akwai fili, daga megahaz 902 zuwa 928, kuma na'ura tana tsalle tsakanin tashoshi 50, ba ta wuce kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa a kan guda. Turai kuwa a lokacin wurin ya matse, 865 zuwa 868 ne kacal. Da farko dokarsu ta ce kowace na'ura ta saurara kafin ta yi magana, sai ya zama a babban sito rabin aikin jira ne. Daga baya aka ware tashoshi huɗu domin na'urori, aka bar tsakankaninsu ga amsar tambari. Ni a ganina dabarar ta yi kyau ƙwarai, domin mai raunin murya aka kare. Ƙa'idar Gen2 ta 2004, wadda ta tsara yadda na'ura da tambari ke magana da juna, ita ma ta tanadi tsarin da ke kautar da amsar tambari gefe, ta fita daga ƙarƙashin muryar na'ura.

To amma akwai ta biyu, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tambari guda ya faɗo tsakanin na'urori biyu, kowacce na ba shi umurni. Shi ba ya tace zango, duk abin da ya iso masa ji yake yi, sai ya rikice ya yi shiru. A nan ko ka canja tasha ba ka tsira ba. Lokaci za ka raba, wannan ta yi magana, waccan ta dakata. Tsarin Colorwave na 2003 haka yake yi: kowace na'ura ta zaɓi lokacinta, in ta yi karo da maƙwabciya ta sake wani. Wasu kuma kwamfuta guda suke ɗora wa rabon.

Ina roƙonku, in kun je wurin aiki aka ce na'ura ba ta karantawa, kada hannunku ya fara zuwa wajen ƙara mata ƙarfi. Kun ƙara wa ta kusa da ita wahala ke nan, har ma ta riƙa karanto kayan ƙofar da ba tata ba. Ku rage ƙarfin, ku karkata eriya ta fuskanci bakin ƙofa, ku sa abin da zai kunna na'urar sai lokacin da kaya suka tunkaro. Bayan nan ne za ku zauna ku tsara rabon zango da na lokaci.