Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Ranar Baje Kolin Ayyukan Ɗaliban Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, wakilin Hakimi, Hajiya Shugabar Makaranta, iyayenmu, 'yan uwana malamai da 'ya'yanmu ɗalibai, barkanmu da warhaka. Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Hajiya ta ce tunda ni nake wuni da yaran nan a ɗakin kwamfuta, ni zan yi maka maraba. A yi mini afuwa idan gaisuwar ta zarce zuwa roƙo.

Jihar Kano ba baƙuwa ba ce wajen renon yaro mai kaifin basira. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kowa kuma ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Sai dai a fannin kwamfuta, tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan na'ura gaba ɗaya a 2015, da yawanmu mun ɗauka in yarinya ta iya danna A, B, C ko D, to an gama.

Ranka ya daɗe, a tebur na biyu za ka tarar da wata 'yar aji biyar da ta rubuta manhajar haɗa sakamakon jarrabawa da Python, wani harshen rubuta manhaja. Rabin aikin da biro ta yi shi a littafi, saboda ranakun da babu wuta. Da aka gwada, sai manhajar ta ba ɗalibai biyu masu maki ɗaya matsayi daban, wannan ta uku, waccan ta huɗu. Mai yi mata jagora, wata ɗalibar jami'a da ke zuwa mana duk Asabar, ta hango kuskuren nan take, amma ta ƙi taɓa shi. Cewa ta yi: "Ɗauki suna uku, ki bi layukan da yatsa, ki gaya mini inda lissafin ya kauce." Sati biyu yarinyar tana fama, har da kuka. Ranar da ta gano, ihunta sai da ya fito da mai gadi. Ni da nake da aji cike maƙil, gaskiya da gyara mata zan yi in wuce.

A gefenta akwai biyu da suka haɗa allon Arduino, wata 'yar ƙaramar na'ura da ake ba umarni, da ke kashe famfo idan tanki ya cika. Sun ƙona allo guda kafin su kai ga haka.

Ga roƙon. Masu jagoran nan da kuɗinsu suke hawa adaidaita sahu, kuma da zarar bautar ƙasa ta kira su, yarinya ta koma marainiya da rabin aiki. Muna son ma'aikata ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da jami'o'in da ke jihar, a riƙa turo mana su duk zango, a ba su kuɗin mota. Sai wutar sola, ko ta ɗaki ɗaya ce. Akwai gasar duniya ta rubuta manhaja ta 'yan sakandare da aka fara a Bulgeriya a 1989, kuma ba a shirya mata yaro da darasi biyu a mako.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, a fara da tebur na biyu. Tun asuba take maimaita bayaninta.